Tausar wuya tana miƙar da bakin da ya karkace?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekaranjiya maigidana ya tashi alwalar asuba, da ya kurkure baki sai ya ga ruwa na zuba ta gefe. Da gari ya waye muka ga bakin ya karkace zuwa dama, idon hagu ba ya rufuwa, kuma yana kukan ciwo a bayan kunne har zuwa wuya. Shekararsa 41. Wani mai tausa a unguwarmu ya ce jijiyar wuya ce ta ɗaure ta danne ta fuska, in ya murza wuyan ya saki, bakin zai koma daidai. Mu kai shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba maigida lafiya. Kafin mu zo kan maganar tausa, ki duba lissafin kwanakin da kika yi. In shekaranjiya abin ya fara, yau ne kwana na uku, kuma maganin da ya fi amfani a wannan lalura ana so a fara shi ne cikin sa'o'i 72 na farko. Don haka yau ɗin nan ku je asibiti, kada ku bari sai gobe. Tausa za ta jira ku, wannan dama kuwa in ta wuce ta wuce.

Kafin ku fita ki yi masa ɗan gwaji, ba zai ɗauki minti ɗaya ba. Ki ce ya ɗaga girarsa sama kamar mai mamaki. Idan goshin hagu ya tsaya sumul bai tattare ba, idon ma ya ƙi rufuwa, to galibi matsalar tana kan jijiyar fuska ce bayan ta bar ƙwaƙwalwa. Idan kuwa goshi ya tattare ta ɓangarorin biyu, baki ne kaɗai ya faɗi, ko kika ga hannu ɗaya ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, ko yana jan ƙafa, ko yana gani bibbiyu, to wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, sai sashen gaggawa nan take. Yadda kika bayyana lamarin ya fi kama da na farko, abin da ake kira shanyewar fuska ta Bell, sunan wani likitan tiyata ɗan Sikotland, Charles Bell, wanda ya yi bayanin aikin wannan jijiya a 1821. Amma wanda ya duba shi ido da ido ne zai tabbatar, ya leƙa kunnen, ya auna hawan jini da suga.

Ki lura da wani abu da ke rikita iyalai da yawa. Bakin ya karkace zuwa dama ne saboda dama ce lafiyayya, ita ke jan bakin, hagu ba ta da ƙarfin ja da baya. Na sha ganin an kawo mutum an shafe masa ɓangaren lafiya da man zafi har fata ta yi ja, ɓangaren da ya shanye kuwa ba wanda ya taɓa.

To, mai tausar nan bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, akwai alaƙa tsakanin wuya da jijiyar fuska. Sai dai ya ɗora gini mai nauyi a kan ɗan ƙaramin tushe. Bari in nuna miki hanyar jijiyar. Ita ce ta bakwai cikin jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa ta kowane ɓangare. Da ta fito sai ta shiga wani siririn rami mai lanƙwasa a cikin ƙashin kunne. A wurin da ya fi matsewa, faɗin ramin bai kai milimita ɗaya ba. A cikin ramin ne take ba da reshe zuwa ga halittar da ke samar da hawaye, da wata 'yar tsoka a cikin kunne mai rage ƙarfin sauti, da reshen ɗanɗano na gaban harshe. Shi ya sa wasu ke cewa shayi ya daina daɗi a baki, ko kukan yara ya zama kamar ana buga musu ƙarfe a kunne. Daga nan sai ta fito ta wata kafa a gindin kai, can ciki tsakanin bayan kunne da muƙamuƙi, ta ratsa halittar yawu da ke gaban kunne, ta rabu gida biyar: na goshi, na ido, na kunci, na leɓen ƙasa, da na wuya.

A shanyewar Bell, kumburin yana faruwa ne a cikin ramin ƙashin nan. Jijiya ta kumbura, ƙashi ba ya buɗewa, sai ta shaƙe, saƙo ya daina wucewa. Mafi yawan masana suna danganta kumburin da farfaɗowar ƙwayar cutar bairos da ta daɗe kwance a jiki. Babu yatsan da zai kai wurin, komai ƙarfin mai tausa. Ita kuma doguwar tsokar nan ta gefen wuya, wadda ke tasowa daga ƙashin bayan kunne ta sauko saman ƙirji, wadda masu tausa suka fi kamawa, ba ma jijiyar fuska ce ke sarrafa ta ba, jijiya ta goma sha ɗaya ce. Idan aka murje ta da niyyar buɗe wa jijiyar fuska hanya, an bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Za ki ce to ai ana ganin waɗanda ya yi wa sun warke. Gaskiya ne, kuma ga dalili. Wani likita a Danmak, Erik Peitersen, ya bi masu wannan lalura su 1,701 tsawon shekaru, ya wallafa sakamakon a 2002. Kashi 85 cikin ɗari sun fara ganin motsi ya dawo cikin makonni uku, kashi 71 kuma sun warke sarai, ba tare da an ba su maganin kumburi ba. Wato cikin mutum goma da za su je wurin kowane mai magani, mai tausa ne ko wanzami ko mai turare, bakwai za su miƙe, kuma kowa zai ce hannunsa ne. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Damuwata tana kan ragowar ukun nan, waɗanda za su rayu da karkataccen baki ko ido mai zubar hawaye. Su ne magani da wuri ke ragewa. A wani bincike da aka yi a Sikotland aka wallafa a 2007, an bai wa wasu maganin kumburi mai suna prednisolone cikin kwana uku na farko, wasu ba a ba su ba. Bayan wata uku, kashi 83 na waɗanda suka sha sun warke, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan kashi 64. Bayan wata tara, kashi 94 da kashi 82. Wannan tazara ba ƙarama ba ce ga mutumin da fuskarsa ce ake magana a kai. Sai dai kada a je kemis a saya a sha kai tsaye. Maganin yana ɗaga suga da hawan jini, kuma masu ciwon suga da masu juna biyu a watannin ƙarshe suna cikin waɗanda lalurar ta fi kamawa. Likita ne zai tsara adadin. Idan kuma ya ga ƙuraje masu ruwa a cikin kunne ko a bakin, zai haɗa da maganin bairos, domin wannan nau'in ya fi tsanani.

Sai ido. A nan nake so ki fi sa hankalinki, domin baki ko ya jima zai iya dawowa, amma idon da ya bushe ya yi gyambo yana iya barin tabo na har abada. Lafiyayyen mutum yana ƙifta ido sau da yawa a minti ɗaya ba tare da ya sani ba, kowace ƙiftawa tana shafe baƙin ido da hawaye. Idon maigida yanzu a buɗe yake kwana. A sa masa ɗigon hawayen roba da rana, kamar bayan kowace sa'a ɗaya ko biyu, da dare kuma man ido mai kauri. Bayan an sa man, ki saukar da fatar idon da yatsa a hankali, ki manne ta da filastar takarda a kwance, daga gefen hanci zuwa gefen kunne. Kada ki ɗora auduga a kan idon da bai rufu ba, za ta goge shi. In zai fita ya sa tabarau, musamman in zai hau babur ko lokacin hunturu da ƙura ke tashi, kuma kada fanka ta riƙa bugun fuskarsa kai tsaye. Ban da kwalli, ban da nonon mace, ban da ruwan suga, ban da kowane ɗigon da ba likita ya rubuta ba. Idan idon ya yi ja, ko yana zafi, ko gani ya dushe, a ga likitan ido a ranar. Za ki kuma ga in ya yi ƙoƙarin rufe idon, baƙin ya gudu sama sai fari ya bayyana. Mutane na ganin haka su ce iska ce ta taɓa shi. Yawancin mutane idonsu haka yake yi in sun runtse, fatar ido ce ke rufe mana shi ba ma gani. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa wurina bayan wata guda ana mata hayaƙi da tausa, bakin ya fara miƙewa da kansa, amma baƙin idon ya yi fari kamar an ɗiga nono. Har yau abin yana tsaya mini a rai, garin neman gira aka rasa ido.

Yanzu ga inda tausar wuya take da gurbi, domin ni kaina ina yin ta a ɗakin gashin ƙashi, wato sashen fisiyo, kuma ina koya wa iyalai.

A makonnin farko, amfaninta rage ciwo ne da sakin jiki. Ciwon bayan kunnen da yake kuka da shi daga jijiyar ne, amma yana sa mutum ya maƙale kafaɗa ya sandare wuya. Ƙari a kan haka, ki kalle shi yana shan ruwa: zai karkatar da kai gefe don kada ya zuba, zai tura tuwo ɓangare ɗaya, zai riƙa juya fuska yana ɓoye ta in baƙi sun shigo, barci ma ba ya samu sosai saboda tunani. Kwana goma a haka, tsokokin ƙeya da na gefen wuya da na saman kafaɗa sun ɗaure, ciwon kai ya biyo baya. Wannan hannu yana gyara shi. Yadda nake yi shi ne in kwantar da mutum rigingine a kan matashi marar tudu, in ɗora tawul mai ɗumi a wuya kamar minti goma, ɗumin da bayan hannuna zai jure. Sai in zauna ta wajen kansa, in sa yatsuna a ƙarƙashin ƙeya daidai inda ƙashin kai ya ƙare, in bar nauyin kansa ya sauka a kansu, ba na murzawa, ina jira ne kawai. Bayan minti biyu ko uku za ki ji tsokar ta yi laushi a ƙarƙashin yatsa, sau da yawa mutum ya saki dogon numfashi. Daga nan in juya kansa kaɗan, in kama doguwar tsokar gefen wuya tsakanin babban yatsa da manuni, in ɗago ta kamar mai ɗaga igiya, in bi ta a hankali daga bayan kunne zuwa ƙasa da ɗan man kaɗanya. Ɗagowa ake yi, ba a dannawa ciki, domin a ƙarƙashinta babbar jijiyar jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa take. Duk inda kika ji yana bugawa a ƙarƙashin yatsa, ki ɗauke hannu. Danna wurin nan na iya saukar da bugun zuciya mutum ya suma, ga dattijo mai hawan jini kuma yana iya tayar da abin da ya fi haka. Ba a yin ɓangarori biyu a lokaci ɗaya.

Abin da ba na yarda da shi ko kaɗan shi ne murɗa wuya da ƙarfi har ya yi ƙara. Ƙarar ba alamar jijiya ta saki ba ce, daga gaɓoɓin ƙashin wuya take fitowa. Akwai jijiyoyin jini da ke ratsa ƙasusuwan wuya su hau kai, kuma an samu waɗanda murɗawa ta tsaga musu bangon jijiyar suka samu shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ga lalurar da murɗawar ba ta da abin da za ta ƙara mata, me zai sa a ɗauki kasadar? Haka ƙaho da tsaga a bayan kunne ko gaban kunne. Rassan jijiyar suna kusa da fata a wurin, aska na iya yanke abin da da zai warke da kansa.

Fuskar ita kanta a wannan lokaci shafa take so mai taushi, daga haɓa zuwa kunne, daga gefen hanci zuwa sama, daga gira zuwa gashin goshi, minti biyar sau biyu ko uku a rana. A shafa ɓangaren lafiya ma, don ya rage ja. Kuma a yi haƙuri da shawarar nan ta tauna cingam da hura balan-balan. Tsokokin tauna jijiya ta biyar ce ke sarrafa su, lafiyarsu ƙalau, cingam ba ya taɓa inda ciwon yake. Yunƙurin motsa fuska da ƙarfi kuwa ɓangaren lafiya yake ƙara wa ƙarfi, ya ƙara janye bakin. Idan motsi ya fara dawowa, sai a zauna gaban madubi a yi shi ƙanana, a hankali, ɓangarorin biyu daidai: ɗan murmushi baki rufe, ɗan ɗaga gira, ɗan tsuke leɓe, a tsaya da zarar wani wuri da ba a kira ba ya motsa. Na'urar lantarki da ake manna wa fuska tana sa tsoka ta yi tsalle, majiyyaci ya ji daɗi ya ga kamar aiki ake yi, amma ni ba na amfani da ita a shanyewar Bell. Da ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta tattara bincike 12 a kan aikin fisiyo ga shanyayyiyar fuska a 2011, ba ta ga hujjar amfanin lantarkin ba, ɗan abin da ta gani na alheri yana wajen motsa jikin fuska da aka tsara wa kowane mutum daidai da matsalarsa.

Babban gurbin aikin hannu a wuya yana zuwa ne daga baya, ga waɗanda jijiyarsu ta ji rauni sosai. Jijiyar da ta lalace tana sake tsirowa kamar milimita ɗaya a rana, kuma zaruruwanta ba duka ke komawa gidajensu na asali ba. Zaren da ya kamata ya je baki sai ya ɓace ya je ido, na ido ya je wuya. Daga wata na uku zuwa na shida sai a fara ganin sarƙewar motsi: mutum zai yi murmushi ido ya ƙanƙance, zai ƙifta ido gefen baki ya motsa, wani in yana cin abinci hawaye ya zubo. A nan ne reshe na biyar ke shigowa. Akwai wata tsoka mai faɗi, siririya kamar mayafi, shimfiɗe a ƙarƙashin fatar wuya daga saman ƙirji zuwa haɓa da gefen baki, likitoci na kiranta filatizma. Ita tsokar wuya ce, amma jijiyar fuska ke sarrafa ta. Idan ta ɗaure sai ta riƙa jan gefen baki ƙasa, duk ƙoƙarin murmushi ya zama ja-in-ja, tsokar kunci na ja sama, ita tana ja ƙasa.

Na tuna wani malamin makaranta da ya zo mini bayan wata takwas. Ya ce, "Likita, an ce na warke, amma fuskar nan kamar an ɗinke ta." Na ce ya yi murmushi, sai ga wasu igiyoyi biyu sun miƙe a gefen wuyansa tun daga haɓa har ƙirji, gefen bakin ya tsaya cak. Na ɗora tafin hannuna a ƙashin saman ƙirjinsa na riƙe fatar ƙasa, na ce ya ɗaga haɓa ya kau da ita ɗaya gefen a hankali, muka riƙe daƙiƙa talatin, muka maimaita sau uku. Sannan na sa safar hannu, babban yatsa a cikin kunci, sauran a waje, na ja tsokar kuncin a hankali zuwa wajen leɓe. Da ya sake duba madubi, gefen bakin ya ɗan ɗaga fiye da da. Ɗan kaɗan ne, kuma zuwa yamma ya koma, amma ya gane abin da ke riƙe shi, ya koyi yi da hannunsa safe da yamma. Watanni ya ɗauka kafin fuskar ta sake, kuma bai koma kamar yadda yake a da ɗari bisa ɗari ba, sai dai ya daina rufe baki da hannu in yana magana a aji. Irin wannan haɗi na tausa, miƙar da tsoka, sakin jiki da koyon motsi gaban madubi an tsara shi ne a ƙasar Holan tun shekarun 1970, kuma har yanzu a kansa ake tafiya. Wanda igiyoyin wuyansa suka ƙi saki da hannu, ana yi masa allurar Botox a tsokar, ta kwantar da ita na wata uku zuwa huɗu.

Maigida bai kai nan ba, kuma da yardar Allah ba zai kai ba. Amma akwai alamomin da in kun gan su ku koma asibiti ko da an riga an duba shi: mako uku ya cika babu ko ɗan motsi, wata uku ya wuce bai miƙe ba, kunne na zubar da ruwa ko ji ya ragu, wani ƙullutu ya fito a gaban kunne, ɗaya ɓangaren ma ya kama, ko akwai farin tabo a fata wanda ba ya jin taɓi, domin kuturta ma tana kama wannan jijiya. Ciwon kunne da ya daɗe da ƙari a halittar yawu duk suna iya fitowa da fuskar Bell, kuma kowanne maganinsa daban.

In an gama da likita, ku nemi sashen fisiyo a nuna miki yadda za ki riƙa yi masa shafar da hannunki. A halin yanzu ki tanadi ƙaramin kofi ko tsinken shan lemo don ruwa, abinci mai laushi a ƙananan loma, kuma bayan kowane ci ya sa yatsa ko asuwaki ya fitar da abin da ya maƙale a kuncin hagu, don ba zai iya turo shi da kansa ba. Yau da dare, kafin ki manne idon, ki ɗauke shi hoto huɗu da waya a wuri mai haske: fuska a sake, gira a ɗage, ido a runtse, da murmushi. Ki maimaita duk ranar Juma'a a wuri ɗaya. Ku da kuke ganinsa kullum ba za ku lura da ranar da gefen bakin ya fara motsi ba, hoton ne zai nuna muku, kuma shi za ku riƙe ku kai wa likita in mako ukun ya cika.